"Jefo mini a kan sabulu": kalmomin Turanci a bakin Rashawan yau

Wannan lacca ce da wani malamin harsuna, wanda ya yi karatunsa a Tarayyar Sobiyet, ya gabatar wa malamai da ɗalibai a wani zauren jami'a a Kano. An kwafo ta daga rikodin, an bar ta yadda ta fito daga bakinsa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Iyayena malamai da ke sahun gaba, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? A ɗan rage fankar nan ta kusa da ni, tana kwashe mini takardu. Yauwa, na gode.

An ce in yi magana a kan kalmomin Turanci da suka shiga Rashanci, da kuma sarar matasan can. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan biri da gada, mu da ke Kano me ya haɗa mu da bakin mutanen Mosko? Ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga inda muka haɗu. Abubuwa huɗu na tsara: tarihin aron, sai yadda kalma take shiga, sai sarar matasa, sai abin da hukumarsu ta yi a kai.

Ni dai na sauka a ƙasar a 1986. Duk baƙon ɗalibi sai ya yi shekara guda yana koyon harshe kafin ya shiga aji, ni a Voronezh na yi tawa. Haruffa 33, babu wanda ka saba da shi, wanda ka ga ya yi kama da P ashe R ne. A ɗakin karatu na fara cin karo da ƙamus na Hausa da Rashanci, wanda aka buga a Mosko a 1963 ƙarƙashin kulawar Farfesa Olderogge, masanin Afirka na Leningrad. Wallahi da na buɗe shi sai da idona ya ciko. Kana tsakiyar ƙanƙara, ka buɗe littafi ka ga "tuwo". Manyanmu da ke nan kuma za su tuna Rediyo Mosko tana da sashen Hausa. To ka ga tun ba yau ba muke leƙen juna.

Na farko, tarihi, zan bi shi da sauri. Rashanci bai taɓa zama harshen da ya kulle ƙofa ba. Kalmarsu ta kuɗi, den'gi, daga harsunan Turkawa ta zo. Akwati suna ce masa sunduk. Kun ji ko? Sanduƙi! Namu ya biyo ta Larabci ya ratso Sahara, nasu ya bi ta bakin Turkawa ya haura arewa, amma kalma ɗaya ce. Ranar da malamarmu ta rubuta sunduk a allo, ni da wani ɗan Sudan muka kalli juna muka yi murmushi.

Sai Sarki Fita na Ɗaya, wanda a 1697 ya tafi Holan ya kama aikin sassaƙa jiragen ruwa da hannunsa, ya zarce Ingila, ya dawo ya kafa San Fitasbag a 1703. Ya dawo da kafintoci, ya dawo da matuƙa, ya dawo da kalmomi buhu-buhu. Bari in ba ku guda ɗaya da nake so. Mutanen Holan suna da zonnedek, rumfar da ake ɗaurawa a saman jirgi saboda rana. Rashawa suka ce zontik, suka mai da ita laima. To a Rashanci, in ka ji kalma ta ƙare da -ik, ƙaramin abu ake nufi, kamar yadda mu muke cewa ɗan kaza. Gida dom, ɗan gida domik. Sai suka ce ai in akwai 'yar laima dole akwai uwarta, suka yanke wutsiyar suka samar da zont. Kalmar da babu ita a Holan, babu ita ko'ina, Rashawa suka haife ta daga kuskuren ji. Kada ku yi musu dariya, mu ma da muka ɗauko alƙalami da albasa da allura, har da "al" ɗin Larabawa muka haɗa muka haɗiye.

Bayan nan Faransanci ya mamaye fada. Ɗan sarauta a ƙarni na 18 da na 19 sai ya tashi da Faransanci a baki, Rashanci kuma na magana da barori. Pushkin, babban mawaƙinsu, a cikin Yevgeni Onegin da yake siffanta tufafin gwarzonsa, ya lissafa wando da kwat da 'yar shara irin na Turawa, ya ce duk waɗannan kalmomi babu su a Rashanci. A lokacin akwai wani dattijo, Admiral Shishkov, da ya ɗaura ɗamarar yaƙi da kalmomin aro, yana son a ƙera wa kowace kishiya daga tsohon harshen Silabawa. Pushkin har ya ambaci sunansa a waƙar, ya ce Shishkov ka gafarce ni, ban san yadda zan fassara ba. Ku riƙe wannan. Shekara ɗari biyu ke nan ana wannan gardama, harshen da ake tsoro ne kawai yake canzawa.

Af, kafin in wuce, tasha. Mu tasha muka ce, daga station. Su babbar tashar jirgin ƙasa vokzal suke ce mata. Daga ina? Daga Vauxhall, wani lambun shaƙatawa da kiɗe-kiɗe a Landan. Sunan ya riga ya shiga Rasha da ma'anar wurin nishaɗi. Da aka buɗe layin dogo na farko na fasinja a 1837, daga San Fitasbag zuwa Tsarskoye Selo, aka ƙarasa da shi Pavlovsk, sai aka gina zauren kiɗa a ƙarshen layin a 1838 don a jawo mutane su hau jirgi. Johann Strauss ma ya yi shekaru yana zuwa yana kiɗa a wurin. Mutane suna cewa za mu vokzal, za mu vokzal, har sunan zauren ya koma sunan tasha. Yau ka tsayar da Barashe ka ce masa vokzal Turanci ce, sai ya yi maka kallon wanda ya zauce.

Na biyu ke nan ko? A'a, har yanzu muna cikin tarihi. Zamanin Sobiyet aka ga yaɗuwar traktor, kombain, buldozer, futbol, miting. Ku lura da miting: mu mitin ɗinmu zama ne a ofis ko na ƙungiya, su nasu gangamin siyasa ne a fili. Kalma ɗaya ta fita gida, ta auri maza biyu, kowane gida da irin tarbiyyar da aka yi mata. A ƙarshen shekarun 1940 Stalin ya tayar da yaƙi da abin da suka kira durƙusa wa Yamma. Wani burodi da ake kira na Faransa aka sake masa suna ya koma na birni. A ƙwallo ma kalmomin gida suka yi ta ture na Ingila: golkiper ya zama vratar', mai ƙofa, korner ya zama uglovoy, na kusurwa. Waɗannan sun zauna har yau. Amma a daidai wannan lokaci wasu samari da ake kira stilyagi, 'yan gayu masu matsattsen wando, suna kiran takalmi shuzy, suna kiran babban titin Gorki na Mosko Brodvey. Ana rufe ƙofa, kalma tana shigowa ta taga.

Sai guguwar da na gani da idona. Ranar 31 ga Janairu 1990 aka buɗe McDonald's na farko a dandalin Pushkin a Mosko, mutum wajen 30,000 suka ci abinci a ranar farko. Ƙarshen 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe. Ƙasar da ta yi shekara saba'in babu kasuwar jari-hujja, dare ɗaya aka ce kowa ya shiga kasuwa, alhali babu kalmomin kasuwar a baki. Sai ga biznesmen, menedzher, broker, diler, marketing. A 1992 aka raba wa kowane ɗan ƙasa wata takarda mai darajar rubul 10,000, kasonsa na dukiyar gwamnati da za a sayar, sunanta a bakin jama'a vaucher. Na ga tsofaffi mata riƙe da ita a layi suna tambayar juna, wannan vaucher ɗin mene ne shi? Abin ya tsaya mini a rai, kuma zan dawo kansa. Sai killer, wanda a wurinsu ba kowane mai kisa ba ne, suna da tasu kalmar ta mai kisan kai, killer sai wanda aka biya ya kashe. Sai defolt a Agustan 1998 da gwamnati ta kasa biyan bashi. Shagon gwanjo sekond-khend. Kowace na'urar kwafe takarda kseroks, kowane ƙunzugun jariri pampers, kamar dai yadda kowane garin wanki a wurinmu Omo ne.

To yanzu na zo inda nake so. Malam shugaba, a nan zan ɗan daɗe, ka yi mini uzuri.

Abin da ya kamata mai nazarin harshe ya duba, ba yawan kalmomin da suka shigo ba ne. Abin dubawa shi ne, da baƙon ya shigo, wa ya yi wa wani biyayya? Ku dubi mota. Turanci ce. Amma da ta zo gidanmu muka ce mace ce, muka ce motar Audu, muka yi mata jam'i motoci, kamar yadda muka yi wa hanya hanyoyi. Likita, likitoci. Ofis, ofisoshi. Bature ya ji ofisoshi ba zai gane ɗansa ba. To Rashanci a wannan fage gwani ne, gwani na gaske, saboda nahawunsa ba ya barin kalma ta shiga jimla tsirara.

Suna a Rashanci yana da jinsi uku, namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, kuma yana sauya ƙeya gida shida gwargwadon aikinsa a jimla. Ɗauki bloger. Shi ne ya yi aiki: bloger. Abin nasa ne: blogera. Shi aka bai wa: blogeru. Tare da shi aka yi: blogerom. A kansa ake magana: blogere. In mace ce kuma sai gardama ta tashi, wasu su ce blogersha, wasu su ce blogerka, har rigima ake a kan wanne ne ya fi mutunta mace. Kun gani? Rigimar cikin gida ce ta Rashanci, Bature ba shi da ta cewa a ciki.

Aikatau kuwa shi ne abin kallo. Wannan ɗan yatsa da kuke dannawa a Facebook, like, su suka ce laik. Daga nan suka yi aikatau. Amma aikatau a Rashanci ba ya tafiya shi kaɗai, tagwaye ne: ɗaya na aikin da ake cikin yi ko ake maimaitawa, ɗaya na aikin da aka gama. Sai suka yi laikat', a riƙa dannawa, da laiknut', a danna sau ɗaya tak. Wannan -nu- da kuka ji a tsakiya tsohon abu ne a harshen, shi ke nuna aikin da aka yi bugu ɗaya, kamar ƙiftawar ido. Namiji ya ce ya laiknul, mace ta ce ya laiknula, "ya" ɗin nan a Rashanci "ni" ke nan. Sannan ɗafa-goshi ya zo: zalaikat', a yi wa mutum ruwan laik har ya ishe shi. Mu ma ai muna da irin wannan dabara, dubi bugu da bubbuga, dubi kama da kakkama. Ku gaya mini, ina Turanci a cikin zalaikat'? Haruffa huɗu ne a tsakiya, kai da ƙafa duk na Rasha ne. Wani abin daɗi kuma, in ka ce "na laik" a Rashanci sai ya fito laika, wato daidai da sunan karyar nan da suka harba sararin samaniya a Nuwamban 1957. (dariya) Yaran can suna wasa da wannan sosai.

Google haka. Guglit', a yi ta nema. Zaguglit', a nema sau ɗaya. Naguglit', a nema har a samu. Pogugli, ɗan duba mana. Ga su da nasu injin neman, Yandex, amma sai ka ji mutum ya ce zai zaguglit' alhali Yandex ɗin zai buɗe. Turanci kalma ɗaya gare shi a nan, Rashanci ya karɓa ya haifi huɗu, kowace da ma'anarta. Wannan shi nake kira haɗiya. Ba aro ba ne kuma, an ci an narkar.

Ku dubi jam'i. Rashawa sun ji cakes, ba su san -s ɗin nan jam'i ba ce, suka ce keks, guda ɗaya, sannan suka ƙara nasu jam'in, keksy. Ƙarfen dogo rel's, daga rails, guda ɗaya. Dzhinsy daga jeans, chipsy daga chips, jam'i a kan jam'i. Dalar Amurka baksy, daga bucks. Wace ce take dariya a can? 'Yata, me kike sawa a ƙafa in za ki shiga banɗaki? Silifas. Ko ƙafa ɗaya ce ta ɓata, silifas ɗina za ki ce. Ciwo ɗaya ne.

Har shekarun kalma kana iya ganewa daga lafazinta, kamar yadda mai sayen rago yake buɗe baki ya duba haƙori. A da, in kalma ta zo da h sai su mai da ita g. Hamlet a wurinsu Gamlet ne, Holiwud Gollivud, gamburger, har Garri Potter ya bi tsohon layi. Amma na yanzu da kh suke shiga, daga maƙogwaro, kamar harafin kha na Larabci: khaip daga hype, kheit daga hate. In ka ji g, tsohon hannu ne ko an bi tsohuwar al'ada. In ka ji kh, galibi baƙon jiya ne.

Amma wanda ya fi burge ni, kuma shi ya sa na sa wa laccar nan wannan suna, shi ne abin da masu kwamfuta suka yi a shekarun 1990. Waɗannan samari ba su tsaya ga aro ba. Sai su saurari kalmar Turanci, su nemo kalmar gida mai kama da ita a kunne, su ɗora mata. Wasiƙar intanet, mail, ta yi musu kama da mylo, sabulu. Sai ka ji mutum ya ce skin' na mylo, jefo mini a kan sabulu, wato turo mini ta imel. Wasu kuma suka ce Yemelya, sunan wani malalacin saurayi a tatsuniyarsu da ke kwance a kan murhu komai yana zuwar masa. Allon da ake danna haruffa, klaviatura, suka gajarce shi Klava, sunan mace ne, kamar ka ce Kande. Ƙananan manhajojin da ke sa firinta da sauran na'urori su yi aiki, drivers, suka ce drova, itacen girki. Kwamfutarka ta ƙi aiki? Ai ba ka sa mata itace ba. Shafin farko na intanet, home page, suka ce khomyak, wani ɗan ɓera mai kumatu da yara ke kiwo. Windows ta zama Vinda, mace. ICQ, wata manhajar hira da aka rufe a 2024, ita kuma As'ka, sunan yarinya. Babban allon cikin kwamfuta mamka, inna. Wannan alamar a mai zagaye da ke cikin adireshin imel kuwa sobaka, kare.

Ku tsaya ku ji wannan jimla: inna ta ƙone, Kande ta ƙi aiki, babu itace, jefo mini a kan sabulu. (dariya) Duk maganar kwamfuta ce! Mutanen da ke wasa da baƙon harshe haka ba tsoronsa suke ji ba. Wannan aikin mai gida ne da ya san gidansa. Kuma ina Bahaushe ya bar wannan? Wa ya ce tafi-da-gidanka? Wa ya ce jirgi mai saukar ungulu? Wa ya ce a-daidaita-sahu?

Tunda na ambaci saukar ungulu, ga wani abu. Ba kullum baƙuwar kalma ke cin nasara ba. Aeroplan ta shigo Rasha, samolyot, mai tashi da kansa, ya kore ta. Gelikopter ta shigo, vertolyot ya kore ta. Firiji kholodil'nik ne, mai sanyaya. Injin shara pylesos, mai tsotse ƙura. Amma kwamfuta fa? Hukuma ta ba ta suna mai tsawo, na'urar lissafi mai aiki da lantarki, ana gajarce shi EVM. Jama'a suka ce komp'yuter, yara suka ce komp, magana ta ƙare. Daidai da abin da ya sami na'ura mai ƙwaƙwalwa a nan. Rediyo ta yi iya ƙoƙarinta, amma je ka kasuwar Farm Centre ka ce a ba ka na'ura mai ƙwaƙwalwa ka gani. Baki yana son abin da ba zai gajiyar da shi ba. In kalmar gida gajera ce kuma ta zo da wuri, ita ke ci. In ta makara ko ta yi tsawo, sai dai a gan ta a takarda.

Na uku, ko na huɗu ne, sarar matasan yau. Na koma a 2019, na sauka gidan wani abokina da muka yi aji ɗaya. Jikarsa 'yar shekara sha biyar tana waya a falo, kakarta ta juyo ta ce mini, kai da ka iya Turanci, fassara mini abin da yarinyar nan ke faɗa. Krinzh, wato kunyar da ke kama ka saboda abin da wani ya yi. Suna da wata magana a kan haka, "kunyar Sifen", amma krinzh ta fi gajarta, kuma ta riga ta haihu: krinzhovyy sifa, krinzhanut' aikatau. Krash, wanda kake so a zuci ba ka faɗa ba. Chilit', a huta. Roflit', a yi zolaya. Vaib, yanayin wuri. Pruf, hujja. Izi, cikin sauƙi. Har go suke cewa, go gulyat', mu je yawo. Yawancinsu daga wasannin intanet da YouTube da TikTok suka shigo. Ni ban damu da waɗannan ba. Sara kamar yayin atamfa ce. 'Yan hippi ɗinsu na shekarun 1970 suna kiran budurwa gerla, gida flet, yau in ka faɗa sai a san ka manyanta.

Na ga takardar, Malam, minti biyar. To, hukuma. Ranar 28 ga Fabrairu 2023 Shugaba Putin ya sa hannu a gyaran dokar harshen ƙasa: a harkar hukuma ba a yarda a yi amfani da baƙuwar kalma ba matuƙar akwai ta gida da aka saba da ita, sai waɗanda ƙamusoshin da gwamnati ta amince da su suka lissafa. A Yunin 2025 aka ƙara wata, mai fara aiki 1 ga Maris 2026, cewa allunan shaguna da bayanin da ake yi wa mai saye dole su kasance da Rashanci. Ra'ayina? Rabin nan na biyu ina goyon bayansa da zuciya ɗaya, saboda tsofaffin nan na layin vaucher. Tsohuwa 'yar fansho ta je banki a ce mata keshbek, ta tsaya gaban shago a garin da aka haife ta ta kasa karanta allon, wannan zalunci ne. Kuma akwai aron da fankama ce kawai, mai shara tana da sunanta a Rashanci, a ce sai an kira aikin klining don a ƙara kuɗi. Amma doka ta shiga bakin 'yar shekara sha biyar? Shishkov ya gwada, Stalin ya gwada. Korney Chukovsky, marubucin yara, ya rubuta littafi a kan harshe a 1962, ya ce babbar cutar Rashanci ba kalmomin waje ba ce, maganar ofis ce, busasshiya, wadda ke tsallakowa daga fayil ta shiga bakin mutane har a gida. Ya raɗa mata suna kantselyarit, da ƙeyar da suke sa wa sunayen cututtuka. Ni ina tare da shi.

Akwai hannu a gaba. Allah ya gafarta Malam, bismillah.

(Wani dattijon malami ya yi tambaya: jikokinsa suna cewa "zan yi calling ɗinka", "na yi missing ɗinki". Shin wannan ma haɗiya ce irin ta Rashawa, mu kwantar da hankali?)

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wannan tambaya ta fi laccar tawa nauyi, kuma ba zan ce a kwantar da hankali ba. Dubi canja. Daga change take, amma ta zama tamu: na canja, canjawa, canji, an caccanja. Wannan ita ce laiknut' ɗinmu. Amma "calling ɗinka" ta shigo da rigarta ta Turanci, har da -ing ɗinta, kuma ta zo ta tarar da kira zaune lafiya lau ta ture shi. Wannan Ingausa ce, abu ne daban. Duk da haka ko ita ba ita ta fi damuna ba, don har yanzu "zan yi" da "ɗinka" namu ne, su ke riƙe da jimlar.

Abin da ke damuna, Malam, shi ne bambancin da ban faɗa ba tun ɗazu. Yarinyar nan mai cewa krinzh, da safe za ta je makaranta ta koyi lissafi da Rashanci, kimiyya da Rashanci. In ta shiga jami'a, likitanci da Rashanci, injiniyanci da Rashanci. 'Yan'uwanmu da aka tura can koyon aikin ƙarfe saboda Ajaokuta, sai da suka koyi Rashanci kafin a nuna musu tanderu. Kotu da Rashanci, takardar asibiti da Rashanci, wanda ya je sararin samaniya da Rashanci yake magana da ƙasa. Harshen da ke da wannan gindi, in ya ari kalma dubu goma ma ba abin da zai same shi. Namu yaron fa? Daga wani aji a firamare an ɗauke masa Hausa a lissafi, an ɗauke a kimiyya. Ɗan'uwansa na Maraɗi da Damagaram shi kuma Faransanci, ya tafi lakwal wurin mushe. Ba mu ba harshen aikin yi ba, sannan muna mamakin yaro ya nemi kalma a wani wuri.

Ban taɓa jin Barashe ya ƙirga kuɗi da Turanci ba. Ban taɓa jin ya faɗi lambar wayarsa da Turanci ba, ko wanda ya fi kowa cewa khaip da vaib. Bari mu gwada a nan. Kai ɗana, mai farar hula, tashi. Faɗa mini lambar wayarka da Hausa, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. A'a, kada ku yi masa dariya, duk wanda ya yi dariya shi ne na gaba. Sifili, na ji. Takwas. Sifili. Ci gaba, ɗana, a hankali, muna jiran ka.

(Nan aka fara kiran sallar magariba, rikodin ya tsaya.)